Filin Tarbiyya: Yaro Ya Tasa, Murya Ta Koma Ta Ɗan Yaye

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke: yaro ko yarinya mai shekara 9 zuwa 12 da ke maƙale murya yana magana kamar wanda aka yaye jiya. A kunne duk iri ɗaya ne, amma abin da ke ƙarƙashi ya bambanta daga gida zuwa gida, shi ya sa amsoshin ba su zo ɗaya ba. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata ta fari shekararta 11, tana aji 6 na firamare. Tun da na haihu wata 5 da suka wuce ta tsiro da wata ɗabi'a mai ban haushi. Sai ta turo baki, ta langaɓe kai, ta ce "Umma, jan ca luwa", ko "ni ba na co". Malamarta ta ce a makaranta bakinta garau, har ita ke karanta wa 'yan aji labari. Na yi faɗa, na kwaikwayi muryar don ta ji kunya, rannan har na kai mata hannu, amma abin sai gaba yake yi. Yarinyar da ta fara ƙirgen dangi! Yaya zan yi?
Wata uwa, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su duka. Maganar malamar nan ta rage miki rabin aiki, domin yarinyar da ke tsayawa gaban aji ta yi karatu garau, harshenta lafiya lau, kunnenta ma haka. Shagwaɓa ce ke gabanki, ita kuwa shagwaɓa ba ta daɗewa a gidan da ba ta da kasuwa. Akwai abin da take saya da wannan murya, kuma ana sayar mata.

Ki ɗan tsaya a inda take tsaye. 'Yar fari ce, kuma a al'adarmu uwa na jin kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa jikinta gaban mutane, ba ta yabonsa. Yau ga jariri ya zo. Tana kallon ki kina masa rawa a cinya, kina masa wasa da irin wannan muryar da kike hana ta, 'yan barka na shigowa su wuce ta su nufi gado. Ita kuwa abin da take ji daga bakinki tun safe shi ne ɗauko min, miƙo min, riƙe shi in yi salla. Ga jikinta ya fara canzawa, wanda ga 'ya'ya mata yakan soma tsakanin shekara 8 da 13, ga jarrabawar shiga sakandare na tafe. Ko'ina cewa ake ta girma, alhali ba ta ga abin da girman ya ƙara mata ba sai aike. Lissafin da ta yi ba na wauta ba ne: ta ga ƙaramar murya ake saurare a gidan, sai ta ara.

Kafin ki canza komai, ki ɗauki kwana 3 kina lura kawai. Ki samu tsohon littafin rubutu ki raba shafi gida 4: lokaci, wa ke wurin, me ya faru daf da ta fara, me ta samu bayan ta yi. Kada ta san kina rubutawa. Gida na huɗun ne mai muhimmanci, kuma ki rubuta gaskiya, don faɗa ma samu ne. In kin ajiye jariri kin juyo kin yi minti 5 kina mata faɗa, to minti 5 ta samu na idonki a kanta ita kaɗai, abin da ta yini ba ta samu ba. Galibi kafin a cika shafi biyu za a ga abin ya taru a wuri biyu ko uku: lokacin shayarwa, dawowa daga Islamiyya da yunwa da gajiya, da lokacin kwanciya. In yawancinsa da yamma ne, ki duba barcinta tukuna. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 na buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, don haka wadda ake tasa ƙarfe 5 da rabi na asuba bai kamata 8 da rabi na dare ta same ta a farke ba.

Rana ta huɗu ki keɓe da ita a lokacin da ba ta yi ba, ke ma ba ki cikin fushi. Wajen tsifar kai ko kitso ya fi, saboda ba ku fuskantar juna, ba za ta ji an titsiye ta ba. Ki ce mata wani abu kamar haka: "Na lura kwanan nan kina min magana da muryar jarirai. Na san tun da aka haifi ƙaninki ban cika zama da ke ba. Ni muryarki ta gaske nake son ji. Daga yau in kin yi waccan zan ce miki 'da muryarki', in jira. Kina gyarawa zan saurare ki." Kada maganar ta wuce minti 2, kuma kada ki tambaye ta dalili, ita kanta ba ta sani ba. Ku yi shawarar wata alama da za ki riƙa yi mata gaban baƙi, misali ki taɓa kunnenki, don kada gyaran ya zama tozarci. Ki bar ta ta zaɓi alamar.

Daga nan sai aiki. Ta yi muryar, ki ce "da muryarki" sau ɗaya tak, ba harara, ba tsaki, ki ci gaba da abin da kike yi. Ta gyara, ki juyo nan take, ki dube ta, ki amsa. Saurin juyowar nan shi ne maganin. In ta gyara murya kika bar ta tsaye kina ƙarasa waya, kin nuna mata muryar gasken ce ba ta da amfani. Amsawa ba ta nufin a ba ta duk abin da ta roƙa. In wayarki ta nema kuma ba za ki bayar ba, ki ce a'a, amma kina kallonta, da dalili a taƙaice. Sai dai a makon farko, duk abin da ba zai cutar ba ki yawaita cewa to. Wuri ɗaya ake jingine wannan doka: in tana ciwo, ko ta ji rauni, ko ta firgita, a kula da ita ko da wace murya ta zo.

Ki shirya, kwanakin farko abin zai ƙaru kafin ya ragu. Za ta ƙara ja, ta ƙara tsawaita shi, ta haɗa da buga ƙafa da hawaye. A nan yawancin iyaye ke cewa dabarar ba ta yi ba su watsar, alhali alamar ta fara ci ke nan. Mafi muni shi ne ki daure sau 6, a na 7 ki gaji ki ce "ungo, ki ƙyale ni". Wanda janaretansa ya saba tashi a ja na 7 ba ya karaya a ja na 3. Masanin halayya na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna haka da tattabaru a shekarun 1950: ɗabi'ar da ake saka mata jefi-jefi ta fi wuyar mutuwa a kan wadda ake saka mata kullum. Ranar da kika san ba ki da ƙarfin daurewa, gara ki amsa mata tun a karon farko da ki bari sai ta yi ta ja sannan ki sakar mata.

Duk wannan rabin magani ne. In kin rufe wannan ƙofa ba ki buɗe mata wata ba, buƙatar za ta ɓullo ta wani wuri, ko tsiwa, ko mintsinin jariri. Ki ware mata minti 15 kullum, a lokaci ɗaya da ta sani, jariri yana barci ko yana hannun babansa, waya na ɗaki. Ita ke zaɓar abin da za ku yi: carafke, lido, ƙunshi, murza cincin, ko hira kawai. A cikin minti 15 ɗin nan ba tambayar aikin makaranta, ba gyara, ba wa'azi. Kada ki taɓa soke shi don horo, ko da ta yi laifi a ranar. In ta ɗora kai a cinyarki, ki bar ta, ki shafa. Alkunya gaban surukai ado ce, amma a cikin ɗakinki ba wanda ya hana ki rungumar 'yarki. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Girma ma ya zo mata da riba. Akwatinta mai makulli da ƙanne ba sa taɓawa, ƙarin rabin awa kafin kwanciya a daren da babu makaranta washegari, ita ke zaɓar miyar Juma'a, ita ke raka ki kasuwa. Raino kuma a yi masa iyaka, ta san lokacin da yake farawa da lokacin da yake ƙarewa.

Kwaikwayon muryarta ki daina shi daga yau. Yana ba ƙanne lasisin tsokanarta, kuma yaron da aka kunyata ya fi buƙatar lallashi, sai ya koma ga muryar da ya sani ta neman lallashi. Yabo ma kada ki sa masa ƙaya, irin "ashe dai kin iya magana". Ki ce "na ji daɗin yadda kika min bayanin nan", ki tsaya nan. In kowa a gidan ya riƙe layi ɗaya, cikin mako 3 zuwa 4 ya kamata littafin nan naki ya nuna raguwa. In an kai mako 6 ba canji, ko kika ga alamomin da muka ambata a amsa ta ƙarshe, ki kai ta wurin likitan yara.

TAMBAYA: Autana shekararsa 10. A gabana ras yake magana, amma da ya shiga ɗakin mahaifiyata sai ya narke, yana "Kaka, ki cayo min alawa", ita kuma tana biye masa, tana kiran sa mai gidanta. Yanzu ya fara yi wa uwarsa da yayyensa. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, zan sa masa bulala, uwarsa ta hana. Wa ke da gaskiya?
Wani uba, Gusau

AMSA: Malam, a wannan karon uwargida ce da gaskiya. Bulala za ta hana shi yi a gabanka, to ai dama ba ya yi a gabanka. Abin da za ta ƙara kawai shi ne ya koyi sauraren ƙarar babur ɗinka, kuma duk dukan da ya sha ɗakin Hajiya zai nufa da kuka, a lallashe shi da alawa. Ka ga an ƙara wa shagwaɓar jari.

Batun Hajiya kuma, muna ba ka shawara kada ka shiga tsakaninta da jikanta. Wasan kaka da jika tsohon abu ne a gidan Bahaushe, shi ya sa take ce masa mai gida, ta ce wa jikanya kishiya. Ba ka da bakin hana ta, kuma babu buƙata. Yara na iya riƙe murya daban-daban don wurare daban-daban. Ɗanka ya riga ya nuna haka tun da ya san da wace murya ake tunkarar ka. Abin da ake so shi ne a ja wa abin iyaka: wannan muryar ta ɗakin Kaka ce, a bakin ƙofarta take tsayawa kamar takalmi. Ka faɗa masa haka da kanka, cikin sakin fuska, sau ɗaya.

Roƙo ɗaya za ka kai wa Hajiya, cikin ladabi, kuma ya fi kyau ka sa shi a matsayin neman taimako: in uwarsa ta hana shi abu ya gudo wurinta da wannan murya, ta lallashe shi yadda take so amma kada ta ba shi abin da aka hana. Lallashi nata ne, hukunci na iyaye. Yawancin kakanni na karɓar wannan in ba su ji ana tuhumarsu da ɓata yaro ba.

Inda aikin yake shi ne wurin uwarsa da yayyensa. Ka tara su ba ya nan, ku tsayar da kalma ɗaya da kowa zai riƙa faɗa, ku bi tsarin da muka bayyana wa mai tambaya ta farko. Ka kula da yayye mata musamman, don su ne kan yi dariya su ce "sake faɗa mu ji". Dariya ma lada ce, ta fi alawa.

Sannan ka dubi abin da auta ke yi da hannunsa a gidan. Sau da yawa za ka tarar ɗan shekara 10 ana zuba masa ruwan wanka, ana nemo masa takalmi, ana wanke masa kwano, saboda akwai manya da yawa da suka fi shi sauri. Wanda ake yi wa hidimar ɗan shekara 4 ba abin mamaki ba ne ya yi maganar ɗan shekara 4. Ka ba shi aiki 2 da suka zama nasa shi kaɗai, waɗanda in bai yi ba za a gani: ba awaki dusa da ruwa safe da yamma, ko sayo burodin safe ya kawo canji daidai. Ka riƙa tafiya da shi masallaci da wurin sana'arka, ka sa shi ya gai da abokanka da bakinsa, kada ka amsa masa tambayar da aka yi masa. Shekara 10 ita ce wadda hadisin Abu Dawuda ya ce a raba wa yara wurin kwana; in har yanzu yana kwana bayan uwarsa ko kakarsa, lokaci ya yi da zai samu shimfiɗarsa tare da yayyensa maza.

TAMBAYA: 'Yata mai shekara 12 da ƙawayenta 3 sun ɗauko wata siririyar murya daga bidiyon TikTok, da ita suke hira suna ƙyalƙyala dariya. Kaina har ciwo yake. In raba ta da su?
Wata uwa, Kaduna

AMSA: A'a, Hajiya, wannan yayi ne, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin wasiƙun yau. Yara a wannan shekaru na son abin da zai zama nasu su kaɗai, kamar yadda na da suka yi zaurance don kada manya su gane. Doka ɗaya ta isa: tsakaninku da ƙawaye ku yi abinku, amma da iyaye, da malamai, da baƙi, da muryar gaske. In suna yi a tsakar gida ya dame ki, ki tura su ɗaki ko zaure. Yawan nuna haushinki ne zai ƙara masa daɗi a wurinsu. Abin da ya fi muryar cancantar kulawarki shi ne wayar: ƙa'idar TikTok kanta ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi irin na manya. Ki san a wayar wa suke kallo, ki zauna ki kalli abin tare da ita, kuma waya ta kwana a ɗakinki.

TAMBAYA: Ɗan ƙanwata da nake riƙo shekararsa 9. Tun tasowarsa "luwa" yake cewa maimakon ruwa, "cabulu" maimakon sabulu. Kowa na cewa sangarta ce, malaminsu har dukansa yake. Maƙwabciyata ta ce linzami ne, in kai shi wurin wanzami a yanke, a haɗa da beli.
Wata inna, Katsina

AMSA: Inna, kada ki kai shi. Kalmar "tun tasowarsa" ita ta raba wasiƙarki da sauran. Mai shagwaɓa ya iya, yana ajiyewa ne ya ɗauka lokacin da ya so. Wannan yaro da alama bai taɓa iyawa ba, wato tsamin baki ne, kuma dukan yaro a kan sautin da harshensa bai koya ba zalunci ne. Ki je ki sami malamin da kanki ki yi masa wannan bayani.

Ki tabbatar tukuna. Ki ɗauki muryarsa a waya ba tare da ya sani ba, yana wasa da abokai, yana faɗa, yana karatun allo. In kuskuren iri ɗaya ne ko'ina, har lokacin da ransa ya ɓaci, to ba da gangan yake yi ba. Yawancin yara sun gama kama sautukan harshensu a wajen shekara 5 zuwa 7, kuma "r" na cikin na ƙarshe. Hausa ma iri biyu gare ta, ta "ruwa" da mai karkarwa ta "biyar". Faɗuwar haƙoran gaba a shekara 6 zuwa 7 kan ɓata "s" na ɗan lokaci. A shekara 9 an wuce lokacin jira.

Kunne ake fara dubawa, don yaro ba ya furta abin da bai ji daidai ba. Ki tsaya bayansa inda ba ya ganin bakinki, ki faɗi kalmomi masu kama da juna da murya madaidaiciya: dara da dala, hari da hali, sara da cara, ƙafa da kafa. Ya gaya miki wacce kika ce. In yana rikita su, ko ya taɓa yin ciwon kunne mai zubar da ruwa, ko ƙyanda, ko hangum, ko sanƙarau, ko yana yawan cewa "iye?", a kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinsa da na'ura. Manyan asibitocin koyarwa na yi, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. A can ne za ki tambayi mai koyar da furuci.

Linzami kuwa, ki sa ya buɗe baki ya taɓa dasashin bayan haƙoran sama da kan harshe, sannan ya zaro harshen ya wuce leɓen ƙasa. In ya yi duka biyun ba wahala, linzami ba shi da laifi. In harshen ya kasa ɗagawa, ko tsininsa ya lotsa ciki ya rabu biyu, likita ne zai duba ya ga ko yana buƙatar aiki. Ƙarƙashin harshe akwai jijiyoyin jini, yanka a gida na iya jawo zubar jinin da ba a iya tsayarwa, kuma askar da ba a dafa ba na iya yaɗa ciwon hanta, da ƙanjamau, da cutar sandarewar jiki. Beli ba ruwansa da "r" ko "s" ko kaɗan.

Kafin ku samu ganin masani, ga abin da za ku fara a gida, minti 5 sau 2 a rana, gaban madubi. Ku fara da "s", ta fi sauƙi. Haƙora a kusa da juna, harshe a bayansu, iska ta fito doguwa kamar tayar keke na sacewa. Bambancinta da "c" shi ne ita "c" harshe na tare iskar ne ya sake ta gaba ɗaya, "s" kuwa ba a tare ta. In ya samu 8 cikin 10 daidai, ku koma sa, si, su. Sannan kalmomi kamar sabulu, suna, sauro. Sannan gajerun jimloli. Tsallake mataki shi ne kuskuren da aka fi yi. Ga "r", ku fara da "ada, ada, ada" yana ƙara sauri da sassauta harshe, sau da yawa daga nan take fitowa. In ba a cikin waɗannan mintuna ba, kada a riƙa tare shi ana gyara masa magana. In ya ce "luwa", ki ce "ga ruwa", ki miƙa masa. Yaron da ake katsewa a kowace jimla daina magana yake yi.

TAMBAYA: Mun kai 'yarmu mai shekara 12 makarantar kwana. Da ta dawo hutun farko sai ga ta da muryar jarirai, tana bin bayana har banɗaki, tana tsotsar yatsa, sau 3 tana fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara 4. Da an ambaci komawa sai kuka. Babanta ya ce ƙiwar makaranta ce, a ƙyale ta.
Wata uwa, Bauci

AMSA: 'Yar'uwa, wannan wasiƙa ta fi sauran tayar mana da hankali, kuma duk abin da muka ce a sama na kau da kai bai shafe ki ba. Kada ki ce mata "da muryarki", kada ki juya mata baya. Muryar jarirai ita kaɗai ƙaramin abu ce. Amma in ta zo farat ɗaya tare da fitsarin kwance bayan shekaru da dainawa, da tsotsar yatsa, da maƙalewa uwa, da tsoron wani wuri takamaimai, to yarinya na faɗin abin da bakinta ya kasa faɗa. Yana iya zama kewar gida mai tsanani. Yana iya zama cin zalin manyan ɗalibai, horon dare, ƙwace abinci. Yana iya zama wani ya taɓa ta ta hanyar da ba ta dace ba, babba ko ɗaliba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba a mayar da ita sai an san dalili.

A wannan makon ki kai ta asibiti a gwada fitsarinta, domin ciwon mafitsara da ciwon suga duk suna dawo da fitsarin kwance; ki gaya wa likita in tana yawan shan ruwa, ko ramewa, ko jin zafi wajen fitsari. Ki lura da jikinta ba tare da kin tsorata ta ba: tabo, ƙujewa, canjin tafiya. Ki sa leda ƙarƙashin zanin gado, ki wanke shiru, kada ƙanne su sani, kada a yi mata waƙar amalala.

Wajen tambaya, ki zaɓi dare, ku biyu, fitila a rage. Ki fara da abin da ba shi da nauyi: wa ke kwana kusa da ke, wace ce uwar ɗakinki, yaya ake zuwa banɗaki da dare. Sannan: "Akwai wanda in kin gan shi gabanki ke faɗuwa?" "Akwai abin da aka ce kada ki faɗa min?" Kada ki sa mata suna a baki, irin "wance ce ko?", don yaro a tsorace kan amsa abin da ya ga ana so. Ki gaya mata tun farko cewa duk abin da ta faɗa ba za a dake ta ba, kuma ki cika alkawarin. In ta fara magana, ki riƙe fuskarki. Salati da kuka da "me ya sa ba ki faɗa ba tun tuni" suna rufe bakin yaro, ya ga ya jawo wa uwarsa bala'i. Maganganu uku take buƙata: na yarda da ke, ba laifinki ba ne, na gode da kika faɗa min. Ba lalle ta faɗa a zaman farko ba. Ki sake bayan kwana 2, ko ki bar wata gwaggo da ta saki jiki da ita ta gwada. In ta ambaci taɓawa, a je asibiti a ranar, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, kuma ko lokacin ya wuce akwai gwaji da kulawar da take buƙata. In an yi mako 2 a gida ba ta sake ba, ba ta ci, ba ta barci, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa na yara, irin na asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko asibitin koyarwa mafi kusa da ku. Ki nuna wa babanta wannan shafi ya karanta da kansa.

Ga dukkan iyaye, akwai canjin magana da ba ya jiran gobe. In harshen yaro ya yi nauyi farat ɗaya, magana na fita a murɗe, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko hakan ya biyo bayan zazzaɓi mai zafi, ko jijjiga, ko faɗuwa a kai, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa nan take. Yara masu sikila sun fi kowa haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma a wurinsu kowace awa na da muhimmanci, don ƙarin jini da wuri na rage ɓarnar. Ko alamar ta ɓace bayan 'yan mintuna, a je, a kuma gaya wa likita ƙarfe nawa ta fara.